Wa zai biya mai juya Baba?

Ranar da aka sallami mahaifinmu daga asibiti a Tawa, bayan ɓarin jikinsa ya shanye, likitan ya tsaya bakin ƙofa ya lissafa mana aikin da ke jiranmu a gida. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada bayansa ya yi gyambo. A riƙa miƙe masa hannun dama da ƙafar dama ana lanƙwasawa safe da yamma, in ba haka ba gaɓoɓin su ƙage. A rage gishiri, kada a yi wasa da maganin hawan jini. Ni da ƙannena biyu muka yi ta gyaɗa kai kamar mu za mu yi. Kwana tara bayan nan na hau mota na koma Yamai bakin aikina, ɗaya ya koma Abijan, ɗaya ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya. Haka Adar take, da an ɗauke amfanin gona maza sun tafi biɗa, gari ya zama na mata da tsofaffi da yara. Aka bar Baba da Inna, wadda ta haura sittin ga ciwon gwiwa, sai kuma ɗiyar yayata mai shekara 12, tana aji shida, shekarar jarrabawa.

Babu wanda ya zauna ya ce a fitar da yarinyar daga lakwal. Fashin yini ɗaya ne ya zama mako, mako ya zama wata. Da na kira Inna ina ƙorafi, cewa ta yi, "To ɗan nan, kai za ka zo ka ɗaga shi? Ni ƙashina ba ya iyawa." Na yi shiru. Na ƙara jika biyar a kan abin da nake aikawa duk wata, na lallashi zuciyata cewa na yi nawa.

Shekara uku Baba ya yi kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. A da, in an ce naƙasasshe, abin da ke faɗo mini a rai shi ne masu keken da ke jira a bakin danja a Yamai, ko makahon da yaro ke ja a ƙofar Babbar Kasuwa ranar Juma'a. Su ake gani. Masu yawan suna cikin ɗaka bayan labule: tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, yaron da ya sha wuyar haihuwa har yau wuyansa bai tsaya ba, budurwar da sanƙarau ya tafi da jinta, mai farfaɗiyar da aka hana zuwa rijiya da bakin murhu, ɗan kabu-kabun da ya karye a gadon baya. Ka ɗaga labulen ka ga wa ke gefensu. Kusan kullum mace ce, uwa ko mata ko ɗiya, kuma ba ta cikin lissafin kowa.

Ƙidayar 2012 ta samu masu naƙasa 715,497 a Nijar, kashi 4.2 cikin ɗari na jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari ne a faɗin duniya. Ni dai ban yarda cewa ƙasar da sanƙarau ke ziyarta duk bazara, ƙasar da mata da yawa ke naƙuda nesa da likita, ta fi sauran duniya lafiya kusan ninki huɗu ba. Mai ƙidaya a zaure yake tsayawa, ya tambayi maigida. Maigidan da ke jin kunyar yaron da ke ɗaure a ƙuryar ɗaki ba zai ambace shi ba.

Wajen rubuta doka ba mu yi ƙwauro ba. Akwai doka mai lamba 93-012 ta 2 ga Maris 1993 a kan kare naƙasassu, aka gyara ta a 2010. Cikin abin da aka tanada har da cewa duk ma'aikatar da ta kai mutum 20 ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A watan Yunin 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 19 ya ce mutum na da haƙƙin zama cikin jama'arsa, kuma a tanadar masa taimako har cikin gida, har da mai kula da shi. Ga kuma doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019, ita ma a kan naƙasassu. Hausawa kan ce rijiya ta bayar guga ya hana. A nan gugan ne ma babu. Haƙƙi na can ƙasa cike da rijiya, ba a sayi igiyar jawo shi ba.

Mun taɓa ganin irin wannan. A 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar magani kyauta, asibitoci su yi aiki gwamnati ta biya su daga baya. Niyya ce mai kyau, ta kuma ceci rayuka. Amma biyan ya riƙa jinkiri, bashi ya taru, kantocin magani na asibitocin karkara suka riƙa ƙarewa, uwa ta kawo yaro kyauta a miƙa mata takarda ta tafi ta sayo. Duk wanda ya yi jinyar yaro a shekarun nan ya san wannan takarda. Alkawarin da ba a ce ga aljihun da zai fito ba, a kan talaka yake ƙarewa.

Don haka abin da nake roƙo a yi wa doka shi ne kuɗi. A rubuta ƙarara cewa wani kaso sananne na kasafin kuɗin ƙasa, duk shekara, zai sauka kai tsaye a kwamin-kwamin da sunan kula da naƙasassu a gidajensu, ba a karkatar da shi zuwa gyaran motar magajin gari ko taron bita a otal. Asusun da ke zaune a Yamai, sai mai ɗan'uwa a ofis ya san ƙofarsa, ba zai kai Bagga ko Kalfu ba, balle rugagen da ke bayan Abalak.

Farkon abin da kuɗin zai saya mutum ne. Ina nufin ɗan gari ko ɗiyar gari, mai jin yaren mutane, wanda za a horar wata shida ko shekara, a ba shi albashi ko da mafi ƙanƙanta ne, wato jika 42 tun daga 2024, ya zama aikinsa shiga gida-gida ne. Bari in faɗi abin da irin wannan mutum zai yi mana da ya shigo gidanmu a makon farko. Da ya nuna wa Inna yadda ake shimfiɗa zane ƙarƙashin majinyaci a ja shi a juya shi ba tare da an ɗaga nauyinsa ba, abin da muka gano da kanmu bayan wata takwas, bayan gyambo ya riga ya fito a kwankwaso. Da ya sa an kafa sanduna biyu a tsakar gida, tsawon ƙugu, don Baba ya riƙa dafawa yana koyon takawa, domin watannin farko bayan shanyewar jiki su ne lokacin da jiki ya fi karɓar motsi, mu kuwa muka ɓatar da su muna shafa man zafi. Da ya sa kafinta ya huda kujera a riƙa ɗorawa a kan masai, tsoho ya yi buƙatarsa da mutuncinsa. Da ya zo da abin awon jini duk mako. Duka wannan kayan bai kai kuɗin ragon layya ba. Sani ne babu a kusa. Masu sanin, irin su kine da ke gasa gaɓoɓi da motsa su, ƴan kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Ba za a kai kine kowane ƙauye ba, amma ɗaya zai iya hawa babur duk wata ya zagaya ya duba aikin mutum goma da ya horar.

Ba daga kaina na ƙago wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara tallata wannan tsari na kula da naƙasassu a cikin jama'arsu tun bayan taron Alma-Ata na 1978, kuma a nan maƙwabta, a Abuja, aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojinsa a watan Oktoban 2010. Mu ma muna da hanyar a shimfiɗe. Ƴan rele ɗin nan, masu taimaka wa ma'aikatan lafiya a ƙauye, da ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara rigakafin shan inna, suna raba maganin zazzaɓin damina, suna auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi don gano tamowa, sun san kowane gida da mai shi. Da irin wannan naci na shiga lungu aka kai ga ranar da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, da shi kuma Nijar ta zama ƙasar farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar bakin kogi a Janairun 2025. Mun iya hana naƙasa shigowa. Wanda ta riga ta kama ne muke bar wa Allah da uwarsa.

Kada wani ya ɗauka ina raina manyan cibiyoyi. Makarantar makafi ta Soli Abdurahaman da makarantar kurame ta Hasan Bana Ba a Yamai sun fitar da mutanen da yau ke cin gashin kansu. Asibitin CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 ya miƙe ƙafafun yara masu yawa, asibitin Galmi kuwa tun kakanninmu ake zuwa. Sai dai daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Kwanni da Dogon Dutsi da Doso, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga masauki, ga gonar da aka bari. Ko an je an dace, aikin bai ƙare a can ba. Yaron da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, in an gyara ta da filasta, sai ya riƙa kwana da takalmin ƙarfe har ya kai shekara huɗu ko biyar. Yaro ya yi kuka dare biyu, kaka ta ce ana azabtar da jikanta, a cire a rataye, ƙafa ta koma yadda take. Likitan da ya yi aikin ba zai taɓa ji ba. Wanda zai hana wannan asara shi ne mai leƙowa ran kasuwa ya ce, "Iya, ina takalmin yaron nan?"

Akwai wani keke a kan rufin ɗakin girkinmu a Tawa, har yanzu yana nan. Wasu bayin Allah ne suka raba, aka ɗauki hoto, muka yi godiya. Irin na cikin asibiti ne, mai ƙananan ƙafafun gaba, an yi shi don daɓen siminti. Ranar farko da aka tura Baba zuwa masallacin unguwa ƙafafun suka nutse cikin rairayi, sai da samari biyu suka ɗauke shi da keken gaba ɗaya. Wata uku roba ɗaya ta tsage, aka zagaye kasuwa babu irinta. Wani mai walda ne daga baya ya haɗa mana mai ƙafa uku da tayoyin keken hawa, wanda kowane mai faci zai gyara da dala ashirin. Mummuna ne, yana ƙara kamar tsohuwar amalanke, amma shi ya kai Baba sallar Juma'a har ƙarshen ransa. Dokar da nake so ta san da mai waldan nan. Ta ware kuɗin ƙera kayan a gida da kuɗin gyaransu, kuma a fara ba guragun da suka iya sana'ar kwangila, domin akwai su, kuma wanda ke zaune kan keke yini guda ya fi kowa sanin inda yake cin mutum.

Sai magana mai wuya, wadda na san za ta ɓata wa wasu rai: a riƙa ba mai jinyar gida wani abu duk wata. Na taɓa faɗin haka a majalisarmu ta shayi, wani abokina malami ya ce, "Haba Malam, yanzu har jinyar uba sai an biya? Ina lada, ina zumunci?" Maganarsa da nauyi, ban raina ta ba. Ni ma ba na son ranar da ɗa zai ce ba ya wanke ubansa sai gwamnati ta biya. Amma na tambaye shi, a gidansu wa ke kwasar ladan nan? Mu masu wa'azin zumunci muna Yamai da Abijan da Tarabulus, muna aiko da kuɗi ta waya. Mai tashi ƙarfe biyun dare yarinya ce da ba a tambaye ta ba. Matar da ke jinyar miji ta daina kai ƙuli-ƙuli kasuwa, ta fita daga adashi, akuyarta ta tafi a kuɗin magani. Jika goma a wata ba ta sayen zumunci, hatsi take saye. In kuwa aka ɗaura ta da sharaɗin cewa babu yaron da za a fitar daga lakwal don jinya ko don jan makaho, to gida zai iya ɗaukar wata babbar mace maƙwabciya ta riƙa karɓar yarinyar da safe. Makahon ma, in an koya masa tafiya da farar sanda a cikin unguwarsa, ɗan jagora ya samu kansa.

Addinin da abokina ya kafa hujja da shi bai bar wannan nauyi a kan gida kaɗai ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya sa a rubuto masa makafi da guragu da masu ciwon da ya zaunar da su, ya ba makaho ɗan jagora, ya ba marasa ƙarfi mai hidima, daga baitulmali. Abdullahi ɗan Ummu Maktum kuwa, makahon da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, ladani ne, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita. Aiki aka ba shi da amana. Mu kuwa mun taƙaita abin a kan dala biyar ta ranar Juma'a, mu jefa ta tagar mota mu wuce, da buhunan shinkafar da ake rabawa gaban kyamara ranar naƙasassu ta ƙasa, 31 ga Yuli, da ta duniya, 3 ga Disamba.

Za a ce ƙasa na cikin yaƙi, ina kuɗi? Gaskiya ne aljihun gwamnati ba shi da zurfi. Amma a watan Oktoban 2023 an kafa asusun ceton ƙasa cikin ƴan makonni, har dala biyu-biyu ake cira a kuɗin waya, kuma mutane suka bayar. A watan Agustan 2024 an yanke shawarar rage kuɗin da majinyata ke biya a asibitocin gwamnati da rabi. Ashe in an so, ana samun hanya. Yanzu ma da babu zaɓaɓɓiyar majalisa, doka sa hannun shugaban ƙasa take jira, kwamin-kwamin kuma tun Afrilun 2024 suna hannun kantomomin da aka naɗa, ba mai cewa ƴan adawa ne suka hana. Yaƙin kansa kullum ƙara yawan masu buƙatar yake. Sojan da nakiya ta cire wa ƙafa a Tilaberi ko Difa, in an gama jinjina masa, gida zai koma wurin matarsa ko uwarsa, cikin rairayin nan da keken Baba ya nutse.

Kuma tunda maganar ƴancin kai ce a bakin kowa yanzu, a nan ya kamata a gwada ta. Shekara da shekaru yawancin aikin naƙasassu a karkara furoje ne na ƙungiyoyin waje. Su zo da mota fara, su yi shekara uku, su horar da mutane, kuɗi su ƙare, allon da suka kafa a bakin gari ya yi tsatsa, wanda aka horar ya tafi biɗa. A 2025 kaɗai Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, hukumomin Nijar kuma suka sallami ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj ta ƙasa da ƙasa, wadda ta daɗe tana tallafa wa aikin ƙafafun roba. Ba na shiga dalilan kowa. Abin da na sani shi ne ƙafar roba tana lalacewa, yaro kuma yana girma ya fi ƙarfin tasa, ko baƙo na nan ko ya tafi.

Saura masu cewa za a cinye. Za a yi ƙoƙarin cinyewa, wannan ba shakka. Maganinsa a sa masu abin a bakin tukunya. Akwai Tarayyar Ƙungiyoyin Naƙasassu ta Nijar, akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa, kuma tun kafin a san wata ƙungiya garuruwanmu na da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, waɗanda suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya fiye da kowane rajista. A rubuta cikin doka cewa ba a fitar da ko dala sai da sa hannun wakilinsu, mace ɗaya namiji ɗaya, kuma duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a rediyon gari, da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Matan karkara sun riga mu sanin wannan dabara. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a yankin Maraɗi a 1991 har aka kwaikwaye su a ƙasashe da dama, a gaban kowa suke ƙirga kuɗinsu, akwatin kuma ba ya buɗuwa da mabuɗin mutum ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, shi kuma zai fi kowa ihu in aka sace jinkar.

Ɗiyar yayata yanzu shekararta 17. Bayan rasuwar Baba na ce ta koma lakwal, ta ce, "Kawu, in zauna aji ɗaya da ƙannena?" Ban matsa ba, ba ni da bakin matsawa. Abin da ban sani ba sai da na je Sallar bana shi ne sunanta ya zaga unguwa. Duk gidan da aka dawo da wani daga asibiti ba ya motsi, ita ake aikowa a kira. Ta nuna musu jan zane, ta nuna musu inda ake tura matashi tsakanin gwiwoyi, ta duba bayan majinyaci ta ce wannan jan da kuke gani gobe gyambo ne, ku daina kwantar da shi ta nan. Wani gida a ba ta dala ashirin, wani a ba ta ƙwaryar fura, wani a ce Allah ya yi albarka. Shekaranjiya na kira Inna da magariba na ce a ba ni ita mu gaisa.

"Ba ta nan," in ji Inna. "Tun la'asar aka zo aka tafi da ita gidan mai unguwa. Matarsa ce ta faɗi."